Koren da Baba Ya Haɗa

Ni mutum ne mai saurin fushi, kowa ya sani, har 'yan China da muke aiki tare sun sani. Shekara goma sha ɗaya ke nan ina Guangzhou ina aikin tura kaya. 'Yan kasuwarmu na Kano su sayo riguna a kasuwar Shahe, da takalma, da kayan waya, su jibge min a sito, ni kuma in auna, in ɗaure, in kai filin jirgin Baiyun ko in cusa a kwantena. Aiki ne na ɗaga murya, kuma muryar ina da ita. Amma wannan abin da zan ba da labari ihu bai gyara shi ba, don da na waiwaya neman wanda zan yi wa ihun, ni kaɗai na gani.

Sitonmu yana daidai ƙarƙashin hanyar da jirage ke bi in za su sauka. Bayan 'yan mintoci sai rufin kwanon ya hau rawa. Abokan aikina tuni suka daina ji. Ni har yau sai na ɗaga kai, domin ni ɗan mai fentin jirgi ne.

Babana ba matuƙi ba ne, ba kuma hafsa ba. Farar hula ne da sojojin sama suka ɗauka aikin fenti, ya ƙare ƙuruciyarsa a rumfar jirage da bindigar feshi a hannu. Kullum ya dawo gida da warin tina, ruwan sirka fenti, bakin farcensa kore. Ni ne ɗan fari, saboda haka ba ya kiran sunana, ba ya zama hira da ni. In yana nemana sai ya ce da ƙannena, ku kira min wancan. Ɗan abin da na sani game da aikinsa ma a bakinsu na tsinta. Akwai hoto guda a ɗakinsa, baƙi da fari, yana tsaye kusa da hancin wani ƙaramin jirgin yaƙi irin na koyon tuƙi, ya ɗaure fuska tamau kamar wanda aka tilasta wa tsayuwar. Wannan hoton shi ne kaɗai shaidar aikinsa na shekara da shekaru.

Da Allah ya ɗan buɗa min a nan, abu na farko da na yi shi ne gyara masa gida. Aka sa tayil, aka sake rufi. Muna da wata tsohuwar ƙofar ƙarfe koriya a bakin zaure, wadda in an buɗe ta sai maƙwabta sun ji kukanta. Tun ina yaro na tsane ta, a wajena ita ce tambarin talaucinmu. Na je garin Foshan da ƙafata na zaɓo ƙofa mai nauyi, ruwan ƙasa, mai zanen katako da sakata shida, na sa ta a kwantena. Na ce da magini ta waya ya ɓamɓare tsohuwar har da firam ɗinta, a kira 'yan gwangwan su ɗauke, kada in ji an jingine ta a wani lungu. Da aka gama, Baba ya karɓi waya ya ce Allah ya yi albarka. Na yi kwana uku ina jin kaina wani babba.

Harkar jirgin kwamfuta kuwa daga baya ta zo, lokacin da kasuwa ta yi sanyi muka koma zaman kallon juna. Na sayi kwamfuta ta hannu da sandar tuƙi, wani abokin aikina ɗan China ya sa min manhajar koyon tuƙin jirgi. Ba irin wasan harbe-harben nan na yara ba, a'a, wannan kana zaune ne a kujerar matuƙi, kowane maɓalli da aikinsa. Tsakanin Azahar da La'asar, kafin motocin kaya su iso, sai in tashi daga Baiyun in yi shawagi a kan garin in dawo. Na fi wata ina faɗuwa kafin in iya sauka lafiya.

A nan na gano ashe akwai wasu mutane a duniya, yawancinsu tsofaffi masu hutun ritaya, waɗanda ba tuƙin ne ya dame su ba. Su fenti ne aikinsu. Sai mutum ya ɗauki tsohon jirgin yaƙi na cikin manhajar ya yi masa irin fentin da sojojin wata ƙasa suka yi masa a wani zamani, ya ɗora a dandalinsu kowa ya sauke kyauta. Kai, ban taɓa ganin masu ƙaƙale irinsu ba. Sai su yi mako biyu suna musu a kan ruwan toka guda. Kowane launi na sojojinsu yana da lamba, lambar tana cikin littafi, littafin yana ajiye. Na lalubo irin jirgin da ke hoton Baba, ga shi da fentin ƙasashe barkatai. Namu ma akwai, guda ɗaya tak, wani da bai taɓa taka ƙasarmu ba ya yi shi. Koren da ya shafa masa irin na butar roba ne. Na ji kamar an zagi ubana, kuma in ka duba ai an zage shi ɗin.

Sai na ce ni zan yi. Wallahi da na san wahalar da ba zan fara ba. In ka buɗe jikin jirgin a kwamfuta ba jirgi za ka gani ba, gunduwa-gunduwa ne a shimfiɗe, irin yadda tela ke baza yadin da ya yanka kafin ɗinki: ga bayan fiffike nan, ga cikinsa can, ga rabin wutsiya a kife. Ka shafa layi a nan, ka je ka duba, ka tarar ya fito a karkace a ƙarƙashin ciki. Wata huɗu na yi ina fama. Na bi kan ƙusoshi ɗaya bayan ɗaya, na sa baƙin hayaƙi a bayan injin, na zana da'irar kore da fari da kore a fukafukai. Lambar wutsiya kuwa sai da na sa ƙanwata ta ɗauko min hoton Baba da waya, na buɗa shi har ya farfashe, sannan na karanto ta.

Ita wannan ƙanwar tawa, mai bi na, a unguwarmu take aure, ita ke kai Baba asibiti. A cikin watannin nan ne ta faɗa min abin da likita ya ce. Ciwon idon da Baba ya daɗe yana ɓoyewa ya riga ya cinye na hagu. Na dama saura kaɗan, kamar mai leƙe ta kafar makulli, kuma kafar kullum ƙara tsukewa take. Abin da ya tafi ba zai dawo ba, maganin ɗigawa jinkiri kawai yake sayo mana. Na so in tafi gida, amma fasfo ɗina yana wajen sabunta takardar zama, kullum sai a ce in ƙara jira. Sai na ɗora wa raina abu guda: kafin idon nan ya rufe, Baba zai ga jirginsa ya tashi da fentin hannunsa.

Ranar wata Juma'a na ɗauki bidiyon jirgin yana tashi daga filin jirgin Kano na cikin manhajar, na tura wa ƙanwata, ta kai masa. Ta ce ya kai wayar dab da idon dama, ya sa ta maimaita sau huɗu. Can sai ya ce a kira min shi. Ni ke nan.

Ya ce fukafukan sun yi. Ya ce lambar ita ce, amma huɗun ya cika tsayuwa, nasu ya ɗan kwanta, don da reza ya yanka shi a jikin kwalin sabulu. Cikin jirgin kuma in ƙara masa haske. Sannan ya ce, "Koren dai ba shi ba ne."

Na tambaye shi to wane iri ne. A ranar Baba ya yi min maganar da ta fi duk wadda ya taɓa yi min tun haihuwata tsawo. Ya ce jiragen da fentin ƙasar sanyi suka zo, kore mai duhu, ranarmu ta dafa shi cikin shekara guda. Da na gwangwanin da aka aiko da su ya ƙare, ba a sake aikowa ba, sai aka ce ya san yadda zai yi. Shi ne ya riƙa haɗawa da kansa daga fentin kasuwa, da gwangwanin madara yake awo: uku na kore, ɗaya na rawaya, murfin kwalba na baƙi, sai ɗan ja kaɗan don ya kashe masa ƙyalli. Ya ce in jirgin ya yi ƙasa-ƙasa a kan gonaki da kaka, sai ka neme shi ka rasa. Na ce fentin wane kamfani? Ya yi dariya ya ce kamfanin ya mutu tun ban yi kaciya ba. Na ce to ya kwatanta min. Sai ya ce tsakanin garin lalle da miyar kuka, amma ya fi karkata ga lallen. Da muka ajiye waya na shiga bayan buhuna na zauna, don kada 'yan China su ga fuskata. Daɗi ne ya kama ni, ban taɓa jin irinsa ba.

Daga nan abin ya zame mana al'ada. Duk Juma'a in na dawo masallaci sai in tura sabon kore, su kuma da hantsinsu ƙanwata ta kai masa. Ya ce ya yi duhu. In rage, ya ce ya yi ruwa. Wani ya ce wannan ai na bangon asibiti ne. Wani ya ce na kusa, mako na gaba in matsa ta nan ɗin, ya ce na ɓata gaba ɗaya. Har na sayo garin lalle da kuka wajen matan da ke sayar da kayan miyar gida, na zuba a faranti kusa da kwamfuta ina kallo kamar mahaukaci. Sau goma sha bakwai muka yi haka. Ina jin haushi, amma kuma ba na so ya ƙare, don duk kore guda hira guda ce da babana.

Wanda ya fasa min ƙwan wani abokina ne mutumin Maraɗi, ɗan kasuwar yadi, da muke cin taliya tare a shagon Musulmin China bayan Juma'a. Na ba shi labari ina ƙorafi. Ya ajiye tsinken cin taliyarsa ya dube ni, ya ce in tura masa hoton. Ya karɓi wayar mai shagon ma aka tura mata. Ya jera wayoyi uku a kan tebur, hoto ɗaya, kore uku daban-daban. Ya ce, "Haba Bakano, duk wayonku? Wane ɗan kasuwa ne ke odar launi da hoton waya?"

Ni ne fa kullum nake balbale sababbin zuwa da faɗa a kan wannan. Ƙa'idar garin nan kowa ya san ta: in kana son launi, ka yanko ƙyallen, ka manna a takarda, ka raba biyu, lauban, wato mai masana'anta, ya riƙe rabi, kai ka riƙe rabi. Waya ƙarya take yi. Na sha ganin wanda ya yi odar ruwan zuma aka yi masa ruwan goro. Amma da abin ya zo kaina, wata huɗu ina tura wa mai rabin ido launi ta tsohuwar wayar ƙanwata mai tsagaggen gilashi. Ashe duk tsawon lokacin nan ba korena yake ƙi ba, koren wayarta yake ƙi. Wataƙila ma na taɓa dacewa tun a na biyar ko na shida, muka wuce shi ba mu sani ba. Makonni goma sha bakwai na ganinsa na ƙone a banza.

Washegari mutumin Maraɗi ya ja ni kasuwar yadi. Muka bi shago-shago da farantin lalle da kuka a leda, wasu su duba su ce meyo, wato babu, wasu su yi mana dariya su yanko mana. Muka tara kore ashirin da huɗu, na manna a kwali, na sa wa kowane lamba, na riƙe rabin kowane a wajena yadda ake yi. Na ba wani Alhaji da zai koma Kano ya kai hannu da hannu. Shi kuma bawan Allah sai ya tsaya Legas fitar da kaya, kwalin ya yi mako uku a jakarsa. Na kira shi na faɗa masa maganganun da har yau in muka haɗu sai na sunkuyar da kai.

Da kwalin ya isa, ƙanwata ta shimfiɗa tabarma a tsakar gida inda rana ta fi haske, ta baza ƙyallayen. Baba ya sunkuya ya daɗe, ya nuna na tara. Na yi hamdala, na ɗauko rabin na tara na fara aiki. Amma ita yarinyar nan akwai ta da bin diddigi. Washegari ta ɓamɓare su ta sake musu jeri, ta ce ya ƙara dubawa. Ya nuna na ashirin da ɗaya, wanda ko kusa bai yi kama da na tara ba. Rana ta uku ta ce bai ma sunkuya ba. Yatsunsa ya riƙa bi da su a kan ƙyallayen, sannan ya tambaye ta ko hadari ne ya taso. Rana kuwa tsaka take, ƙwal.

Ta ce, "Yaya, don Allah ka bar shi haka. Wahalar da shi kake."

Na hau ta da faɗa. Na ce ita ce ba ta iya nuna masa ba, ita ce ta rikita shi da sauye-sauye, ita da wayarta ta banza. Ta tsaya tana saurarona, ita da ke wanke masa ido safe da yamma ni ina nan ina wasa da kwamfuta. Da na gaji na sassauta, na ce to a duba ɗakinsa mana, ko tsohon gwangwani, ko burushi, ko rigar aiki, ko ɗigo ɗaya a jikin akwati. Ɗigo ɗaya ya ishe ni, akwai na'ura a nan da za ta karanta shi ta ba ni lamba.

Sai na ji an karɓi wayar. Innarmu ce, wadda ba ta cika shiga maganata da Baba ba. Ta ce abin da nake nema ai shekara talatin ya yi a bakin gidan. Ta ce lokacin da aka daina tashi da jiragen nan, mai gidansu a wajen aiki ya ce ya tafi da ragowar gwangwanin ƙarshe. Shi ne Baba ya shafa wa ƙofar zaure, sau biyu, bai taɓa yarda wani ya ƙara mata ko ɗigo ba, duk jajiberin Sallah da kansa yake goge ta da jiƙaƙƙen tsumma. Ranar da magini ya zo cire ta, tun safe Baba ya tafi masallaci, bai dawo ba sai da 'yan gwangwan suka wuce da ita a kura. Ta so ta kira ni a ranar, ya hana ta, ya ce yaro ya yi abin kirki, kada a sage masa gwiwa. Kuma duk makonnin nan da nake turo kore ta so ta faɗa, ya sake hanawa.

Ban san yadda na ajiye wayar ba. Na tuna dai wani jirgi ya wuce, rufin ya yi rawarsa, wani direba yana ta kira na in zo in sa hannu a takarda.

Na yi abin da mai taurin kai zai yi. Na tura mijin ƙanwata wajen masu tara ƙarafa, suka yi masa dariya, suka ce ƙofar da ta yi shekara biyar da cirewa ai tuni ta zama rodi a ginin wani. Na sa aka tono hotunan biki da na suna. Aka sami guda da ƙofar ta fito a bayan mutane, a inuwa, hoton ya tsufa duk ya koma ja. Firam ɗin ni na ce a cire. Dokin ƙofar da fentin ya ɗiga a kai ni na sa aka rufe da tayil, bayan an farfasa simintin. Aiki na yi mai kyau, ban bar komai ba.

Abin da ya fi ci min rai shi ne kaina. Shekara ashirin da wani abu ina shiga ina fita ta ƙofar nan. Na jingina da ita, na buga mata ƙwallo, na ɓuya a bayanta. Ai ya kamata in rufe ido in gan ta. To ina rufewa, sai kore goma sha bakwai da ƙyalle ashirin da huɗu su taso min gaba ɗaya, kowanne yana cewa shi ne. Kukanta nake iya tunawa sarai, launin ya tafi.

Duk da haka na ɗora jirgin a dandalin, da kore na tara, na rubuta cewa mahaifina ne ya yi fentin na asali. Wani dattijo mai kula da wajen ya amsa min cikin ladabi, ya ce aikin ya yi kyau, amma ina lambar launin, ko hoto mai kala? Na ce babu, gwangwanin madara ne da ido. Sai ya mayar da shi sashen fentin ƙirƙira, inda ake ajiye jiragen da mutane suka yi wa zanen kyanwa da na harshen wuta. Na rubuta masa amsa mai tsawo, da zagi a ciki, na karanta, na goge. Mutumin gaskiya ya faɗa, ba ni da shaida. Ban sake buɗe manhajar ba, sandar tuƙin tana kan kabad ta yi ƙura.

Sai da na yi wata guda kafin in iya kiran Baba. Yanzu ba a kai masa komai ya duba, sai dai a kara masa wayar a kunne. Muka gaisa, ya tambayi aiki, ya tambayi ruwan sama. Hirar ta koma irin ta da, gajeriya. Na ji yana shirin miƙa wayar, sai na daure.

"Baba, don me ba ka ce a bar maka ƙofar ba?"



"Kai ka aiko," ya ce. Sannan ya ƙara, kamar mai ba ni haƙuri, "Sabuwar tana da kyau, kowa na yabawa. Illarta ɗaya, ba ta kuka. Waccan ko ina ɗaki na san an shigo. Wannan sai dai in ji mutum tsaye a kaina."

Na ce in takarduna sun fito zan zo. Ya ce Allah ya kawo ni lafiya. Ya ce in na zo, in ɗaga murya da sallama tun daga waje, don ya san ni ne.